Ɗigo Takwas a Kwanakin Takaba

Litinin, 11 ga Afrilu, 1977, bayan azahar

Kwana ashirin da biyar ke nan. Na ɗauko littafin shirya darasi na aji uku na juya shi ta baya, don in ban yi hira da takarda ba sai dai in yi da bango. Yaya Zinariya, yayar mijina Malam, wadda ta taso daga Sule Tankarkar don ta zauna da ni har in fita takaba, ta ce mai takaba ba ta ɗaga murya. To, alƙalami dai ba shi da murya.

Dokokinta sun fi na hedimasta yawa. Ba kitso, ba kwalli, ba turare, wannan na sani, na addini ne. Amma ta ƙara da nata: in zan zaga bayan gida in riƙe 'yar wuƙa, in taka a hankali, kada in taɓa taɓarya, kada in taɓa guga. Daga tabarma sai buta, daga buta sai tabarma. Ni da na shekara uku ina taka mil ɗaya da rabi zuwa makaranta kullum safiya, in kuma tako shi da azahar.

Laraba, 13 ga Afrilu, da hantsi

Kwanuka. Duk Gumel ta tuna da ni ta ɓangaren ciki. Fura da sukari, kunun gyaɗa, tuwon shinkafa, alkaki, nakiya. Na ce, "Yaya, kin san fa ina da ciwon sukari." Ta ce, "Shi ciwon bai ji an yi miki mutuwa ba? Ci. Abin da aka kawo wa mai takaba ba a mai da shi." Na ci. Gaskiya ma ban yi wata gardama ba, ci ya fi tunani sauƙi.

Ƙwayar maganina ina sha kullum da safe. Ita kaɗai ce dokar Malam da ban karya ba.

Alhamis, 14 ga Afrilu, da safe

Motocin kasuwar Maigatari suna ta wucewa. Na toshe kunne da mayafi.

Asabar, 16 ga Afrilu, da la'asar

Ƙishirwa. Na kusa shanye rabin randa, bayan gida kuma sau tara tun safe, kowace tafiya da wuƙata a hannu sai ka ce mahauci. Yaya ta ce zafin bazara ne. Ba shi ba ne. Na san baƙon, tsoho ne.

Abin da ya tayar mini da hankali, da na buɗe Alƙur'ani bayan azahar sai na ga wasulla sun haɗe da baƙaƙe. Na murje ido, na matsa bakin ƙofa, haka dai. Haka Innarmu ta fara, ita ma da wannan ciwon. Ta ce hayaƙi take gani, muka ce tsufa ne, ba a yi shekara biyu ba sai ja mata sanda ake yi. Ita tana da mu. Ni wa zai ja mini? Allah bai ba gidan nan haihuwa ba, kuma makauniya ba ta tsayawa gaban allo. Ina jin tsoro, ban kuma da wanda zan gaya wa.

Litinin, 18 ga Afrilu, da hantsi

Yaya ta shiga maƙwabta, na sauko da kwalin Malam daga kan kabad. Shi ke yi mini awo kullum da yamma in ya taso daga asibiti, ni nawa bai wuce in miƙa masa gwangwani in kau da kai ba. Amma ido ya haddace. Ƙaramin cokali na wani ruwan magani shuɗi a siririyar kwalba, ɗigo takwas na fitsari, a tafasa a kan 'yar fitila. In ya tsaya shuɗi, lafiya lau. Kore, da dama-dama. Ruwan ɗorawa, a kula. Ruwan goro ko ja, sukari ya yi ambaliya.

Ja ya fito. A shekara ukun nan ban taɓa jin Malam ya ce ja ba.

A ƙasan kwalin na tsinci ɗan littafi mai koren bango. Rubutunsa ne, ƙanana kamar sahun tururuwa. Na kai shi hanci, na kai shi nesa, ban iya raba harafi da harafi ba. Na dai gane layi-layi ne, kowace rana da nata, shafin ƙarshe kuma ya tsaya a tsakiya. Ba zan ba kowa ya karanta mini ba. Akwai ranar da ke ciki wadda ba na so wani ya riga ni gani.

Talata, 19 ga Afrilu, da yamma

Ja.

Alhamis, 21 ga Afrilu, da yamma

Ja. Babur ɗin Malam yana nan jingine a zaure, lulluɓe da tabarma tun ranar da aka kawo shi a amalanke. An ce akwai wani ƙunshi ɗaure a bayansa. Ban tambaya ba.

Asabar, 23 ga Afrilu, bayan azahar

Rubutuna ya koma irin wanda nake yi wa 'yan aji ɗaya a allo. Layi huɗu, shafi ya cika.

Na zauna ina jero surutan Malam da na saba ji da kunne ɗaya. Yakan ce, "Lauratu, jikinki bai daina yin insulin ba, wato ruwan nan da ke tura sukari daga jini zuwa cikin nama. Naman ne ya yi kunnen ƙashi, ana kiransa ba ya amsawa. Sai sukarin ya yi ta yawo a jini yana ɓarna a ido da ƙafa da ƙoda. Nama mai aiki kuwa kunnensa a buɗe yake. Ki taka, ki gani." Ni kuma in ce, "Malamin asibiti ke nan, rowar man fetur ma sai an sa mata ilimi."

Ina da dalilina. Malaman makarantarmu har suna suka sa mini, Malama Mai Sayyada. "Mijinki da babur, ke da ƙafa?" Shi ya wuce ni a hanya yana ɗaga mini hannu, ni ina haɗa gumi, mutanen bakin kasuwa suna kallo. Wace mace ce wannan ba zai ci ranta ba?

Lahadi, 24 ga Afrilu, da la'asar

Na tashi na fara zagaya tsakar gida: daga ƙofar ɗaki, in bi bayan rumbu, in kewaye dalbejiya, in dawo. A zagaye na shida Yaya ta saki ludayi.

"Innalillahi! Me kike nema?"

"Magani nake sha, Yaya."

"Da ƙafa?"

Ta kamo ni ta zaunar, ta shafa goshina. Can na jiyo ta ta kan katanga tana gaya wa maƙwabciya cikin raɗa, "Shi ne ke jan ta. Bai saki ba." Kafin magariba ɗakin ya cika da hayaƙin hanu, an ɗaura mini laya a dantse. Da a ce shi ne ke ja na, ai da ban tsaya ba.

Talata, 26 ga Afrilu, da yamma

Sadakar arba'in. Gida ya cika maƙil, waina da gumba har ƙofa. Kowa ya durƙusa ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya tashi ya koma hirarsa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na yau ba.

Mutum ɗaya ce ta zauna. A'i, wata tsohuwa daga Gagarawa da Malam ya taɓa warkar mata da gyambo, tun daga nan duk kaka sai ta kawo mana gero. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malama, an kiwata ki kamar ragon layya, amma idonki ya faɗa." Na gaya mata komai. Ta yi dariya har da tafi.

"Ni takaba biyu na yi. Wa zai yi mini daka? Wa zai ja mini ruwa? Ranar uku na ɗauki taɓaryata. Takabar zaman tabarma ai ta 'yan birni ce, masu mai yi musu."

Yaya ta ce, "Kowa da irin gidansu." A'i ta ce za ta kwana biyu.

Juma'a, 29 ga Afrilu, da hantsi

Jiya na yi wauta, bari in rubuta ta don in ga girmanta.

Yaya ta tafi gaisuwar haihuwa. Na ce yau zan rama kwana arba'in a yini ɗaya. Na sha ƙwaya, na ƙi karyawa, na shiga zagaye da rana tsaka, da sauri, har da ɗan gudu. Na tuna na wuce ɗari. Sai gumi mai sanyi, dalbejiya ta zama biyu. Na farka a ƙasa, kaina a cinyar Yaya, tana kuka tana kiran sunan ƙaninta tana cewa ya sake ni don Allah. Na ce, "Sukari." Ta ce, "Kin ji ko! Ita da ta ce shi ke kashe ta!" A'i ce ba ta tsaya musu ba, ta gutsuro mazarƙwaila ta tura mini a baki.

An kira Malam Haladu, abokin aikin Malam a asibiti. Yaya ta ce namiji ba zai ga mai takaba ba, don haka ya tsuguna a bayan asabari, ni ina ciki, muka yi magana kamar masu cinikin sata.

"Malama, marigayi bai ce ki yi tsere da doki ba. Ƙwaya ta ja sukari ƙasa, gudu ya ja, ciki kuma wayam, ina za ki tsaya? Ki ci kaɗan, tuwon gero da miya mai ganye, ki bar na zaƙi. In abinci ya ɗan kwanta, ki tashi. Tafiyar da za ki iya amsa gaisuwa a cikinta, amma ba ki iya jan dogon zance. Rabin awa da safe, rabi da la'asar. Kuma kullum, don amfanin tafiyar yau ba ya wuce jibi."

Na tambaye shi ido. Ya ce, "In sukarin ne ya kumbura shi, zai washe cikin makonni in ya sauka. In kuma ya riga ya taɓa jijiya, to sai Kano, su ma ba lallai ba." Ban so amsar ba, amma na gode da bai yi mini ƙarya ba.

Ya juya ga Yaya ya ce ya tambayi liman, takaba zaman gida ce, ba zaman wuri ɗaya ba. Yaya ta ce liman bai taɓa yin takaba ba.

Asabar, 30 ga Afrilu, da yamma

Na kira Yaya ta zauna, na yi awon a gabanta. Ta ga ruwan ya tashi daga shuɗi ya koma ja, ta ja da baya. Na ce, "Kayan ƙaninki ne. Da hannunsa yake yi mini kullum." Ta ɗauki kwalin ta daɗe tana shafa shi. Ita ta goya shi, na kan manta ba ni kaɗai aka yi wa rashi ba.

Ta ce, "Kwana bakwai. In ruwan awon ƙanina Mika'ilu ya ce ki yi tafiya, ki yi. In bai ce ba, ki koma tabarma, kada in sake jin baki. Amma da wuƙarki a hannu." Na ce na yarda.

Litinin, 2 ga Mayu, da yamma

Zagaye arba'in da safe, arba'in da la'asar, sussukar gero tare da A'i. Ja. Kallon da Yaya ta yi mini ya isa.

Laraba, 4 ga Mayu, da yamma

Ja, ko ruwan goro? Na kasa rabewa. Sai da na tambayi A'i.

Juma'a, 6 ga Mayu, da yamma

Ruwan goro, ba tantama. Yaya da kanta ta ɗaga kwalbar ga haske. Ta ce, "Hmm." Kwanukan alkaki na yau ta aika wa yaran maƙwabta.

Lahadi, 8 ga Mayu, bayan azahar

A'i ta koma Gagarawa, sharar gona ta taso. Ta bar mini taɓaryarta wai ta fi tawa nauyi. Gidan ya yi tsit. Ina zagaye ba mai tsokanata, sai ƙarar takalmina. Takalmin ma ya cinye ta dunduniya, yana cizo na.

Alhamis, 12 ga Mayu, da yamma

Ɗorawa. Ido kuwa yana nan yadda yake. Na buɗe koren littafin, tururuwa dai.

Litinin, 16 ga Mayu, da yamma

Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku, ban taka ba. Ruwan goro ya dawo kamar jira yake a bakin ƙofa. Na yi kuka. Wane irin magani ne wannan da ba a gama shansa? Wato har in mutu sai na yi ta kewaya rumbu?

Yaya ta leƙo ta ce, "In kin gama, rana ta yi sanyi." Ta fito da tabarma gindin dalbejiya, ta ciro carbinta. Ita ke ƙirga mini yanzu, kowane zagaye ƙwaya ɗaya. In na yi sauri ta ce, "Ina kwana, Lauratu?" In na kasa amsawa ba haki, sai ta ce in rage.

Asabar, 21 ga Mayu, da yamma

Ɗorawa mai haske. Na karanta rubutun jikin gwangwanin madara daga inda nake zaune. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 25 ga Mayu, da la'asar

Ruwan farko ya sauka. Na yi zagayena a cikin yayyafi, ƙasa na ƙamshi, Yaya na faɗa daga bakin ƙofa. Kore.

Alhamis, 26 ga Mayu, da safe

Motocin Maigatari. Yau ban toshe kunne ba, don haka bari in rubuta.

Ranar nan na makara, mai duba makarantu zai zo. Na ce wa Malam ya rage mini hanya, yau kaɗai. Ya ce, "In kin ɗaga ƙafa za ki isa." Na tsaya a zaure, yana goge babur ɗinsa hankali kwance, na ce masa, "Ka je da shi, ya kai ka inda zai kai ka." Na fita ban waiwaya ba. Ita ce maganata ta ƙarshe da shi, a ranar ya yi hatsari a hanyar Maigatari.

Na san ajali ne, na koya wa yara wannan da bakina. Amma mako goma ke nan maganar tana kwana da ni tana tashi da ni. Abin da nake so in sani, kuma nake tsoron sani, shi ne da wace zuciya ya hau hanyar.

Lahadi, 29 ga Mayu, bayan azahar

Wasulla sun rabu da baƙaƙe. Na karanta izu ɗaya ban tsaya ba. Na sa goshi a ƙasa na daɗe.

Talata, 31 ga Mayu, da yamma

Kore. Na ɗauki littafinsa, na ga zan iya, na mayar da shi ƙarƙashin matashi.

Alhamis, 2 ga Yuni, da hantsi

Na karanta. Na zauna a bakin ƙofa inda haske ya fi, na fara daga farko, don ƙarshen ya ɗan jira.

"Ta je a ƙasa. Shuɗi."

"Ta je a ƙasa. Shuɗi."

"Ruwan sama, na kai ta a babur kwana biyu. Kore."

"Hutun makaranta, kwana tara a zaune. Ɗorawa. In aike ta gidan Goggo gobe, ya fi nisa."

Ashe aiken nan da ba su da kai ba su da gindi, wannan ne dalilinsu. Na yi dariya ni kaɗai. Can gaba kuma:

"An tare ni a ƙofar masallaci wai na bar iyali a ƙasa ina hawan babur. Na ce to. Shuɗi."

Bai taɓa gaya mini ba. Ni ina ganin ni kaɗai ake yi wa baki a gari.

Sai shafin ƙarshe.

"Alhamis, 17 ga Maris. Ta yi fushi, ta faɗi magana. Ba laifinta ba ne, takalminta ya mutu, yana cizonta. In sayo mata mai taushi a Maigatari. Ta tafi a ƙasa. Awon yamma:"

Daga nan fili.

Na kira Yaya na ce ta kwanto ƙunshin da ke bayan babur. Ta je ta daɗe a zaure, ta dawo idonta jajur. Takalmin roba ne baƙi, mai laushin ciki, naɗe a takardar siminti, gefe ɗaya ya ɗan goge. Ta juya shi a hannu, ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Takalmin roba ba ado ba ne. Sa."

Ya yi mini daidai.

Alhamis ɗin dai, da yamma

Zagaye arba'in. Yaya ta ɓata ƙirga sau biyu, ni ma ban gyara mata ba.

Na kunna 'yar fitila, cokali ɗaya, ɗigo takwas. Muka zuba wa kwalbar ido har ta tafasa ta huce, Yaya ta ɗaga ta ga haske ta miƙo mini.

Na buɗe littafinsa, na sa alƙalamina a filin da ya bari, na ƙanƙanta rubutuna yadda zai yi kama da nasa. Na rubuta: Shuɗi.